Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Shelar Sabon Katin Girafik, Amma A Neme Shi A Kasuwa A Rasa?

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne a garin Zuru, jihar Kebbi. Ina da ɗan shago inda nake haɗa bidiyon biki da suna da walima, ina kuma yi wa ɗaliban Jami'ar Noma ta Tarayya da ke garinmu aikin zane da buga takardu. Kwamfutata ta gaji, in na ɗora mata bidiyo mai nauyi sai ta yi ta jan ƙafa. Na tara kuɗi zan sayi katin girafik, sai abokina ya ce in dakata, wai sabo na nan tafe, kuɗin tsohon zai karye. Na dakata. Sabon ya fito a labarai, amma da na buga waya Kano da Legas aka ce babu, wanda ke da shi kuma ya tsawwala kuɗi fiye da yadda kamfani ya faɗa. Shin da gangan kamfanonin nan suke yi? Me ya sa in ɗaya ya fitar da nasa sai ɗayan ya biyo shi cikin 'yan kwanaki? Kuma ni yanzu in saya ne ko in ci gaba da jira?

AMSA: Ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka. Bari mu bi abin daga tushe, domin in ka gane hanyar da kati yake bi kafin ya iso hannunka, sauran tambayoyin za su warware da kansu.

Manyan kamfanoni uku ne ke zana ƙwaƙwalwar katin girafik na kwamfutar tebur: Nvidia da AMD da Intel, dukansu na Amurka. Na ce "zana" ne domin ba su ne ke ƙera ta ba. Mafi yawan ƙwaƙwalwar nan a masana'antun kamfanin TSMC da ke Taiwan ake buga ta, har da ta katunan Intel, duk da Intel yana da nasa masana'antun. Ma'adanar bayanai da ake liƙa wa katin kuma daga Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka take zuwa. Daga nan sai wasu kamfanonin, irin su Asus da MSI da Gigabyte da Sapphire, su karɓa su harhaɗa, su sa fanka, su zuba a kwali. Wuri a masana'antar TSMC ba a shiga da rana tsaka a ce a buga mini. Ana kama layi ne watanni kafin lokaci, bugun kansa ma yana cin watanni. Saboda haka in kamfani ya yi kuskuren lissafi, ya kama wuri kaɗan alhali masu saye sun yi yawa, babu yadda zai gyara a mako guda.

Wannan ya sa kowane sabon kati yake da ranaku uku: ranar da shugaban kamfani ya hau mumbari ya ɗaga shi sama, da ranar da aka ce an fara sayarwa, da ranar da kayan suka wadata har mai kuɗi ya shiga shago ya saya a farashin da aka ambata. Tsakanin ta farko da ta ukun ana iya yin mako biyu, ana iya yin shekara biyu. A wannan tsakanin ake yin gasar, kuma a nan ne kai ka maƙale.

Tarihin sana'ar cike yake da waɗanda jinkiri ya kashe. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin 3dfx ne ke cin karensa ba babbaka da katinsa Voodoo. Nvidia ya fitar da GeForce 256 a watan Oktoban 1999, bai huta ba ya ƙara da GeForce 2 a Afrilun 2000. Shi kuwa 3dfx, katinsa Voodoo5 ya yi ta samun tsaiko har tsakiyar 2000, ya iso an riga an watse. A Disambar wannan shekarar 3dfx ya sayar wa Nvidia kadarorinsa, sunansa ya ɓace daga kasuwa. Ba a daɗe ba reshe ya juye da mujiya: a Agustan 2002 kamfanin ATI na Kanada ya fitar da Radeon 9700 Pro, Nvidia ya makara da GeForce FX sai farkon 2003, ya kuma zo da zafi da fanka mai ƙarar tsiya. AMD ya sayi ATI a 2006, ya gaji sunan Radeon.

Akwai wani misalin da ya fi waɗannan koyarwa. A Satumbar 2009, ana dab da fitar da Windows 7, AMD ya saki Radeon HD 5870. Nvidia bai kawo amsarsa, GTX 480, ba sai Maris na 2010. Wata shida cur filin na AMD ne shi kaɗai. Da ya kamata ya kwashe kasuwar, amma sabon salon bugun TSMC na lokacin yana ɓata ƙwaƙwalwa da yawa, katunan suka yi ƙaranci na tsawon watanni. Ya ci riba, ba a musu, sai dai bai kai wadda riga-zuwan ya cancanta ba. Ka ga ke nan riga abokin hamayya fitowa ba ya wadatarwa in shaguna babu kaya.

Misalin da ya fi waɗannan kusa da zamaninka shi ne na 2020. Ranar 17 ga Satumba Nvidia ya fara sayar da RTX 3080 a kan dala 699, kayan suka ƙare cikin mintuna. 'Yan kama-ka-sayar sun girka manhajoji da ke danna saye a intanet kafin ɗan Adam ya motsa yatsa, su kuma sake sayarwa da tsada. Kowa ya zuba ido ga AMD, a ce ga dama ta samu. Ranar 18 ga Nuwamba ya fitar da RX 6800 XT a dala 649, kati mai kyau ƙwarai, amma nasa ƙarancin ya ma fi tsanani. Dalili kuwa, wurin da ya kama a TSMC shi ne dai yake rabawa tsakanin katunan girafik da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Ryzen da ta na'urorin wasa na PlayStation 5 da Xbox, waɗanda su ma a watan suka fito. Ga annobar korona ta zaunar da mutane a gida kowa na neman kwamfuta, ga masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum suna sayen katuna kwali-kwali. Kusan shekara biyu aka yi kati yana ninka kuɗinsa. Ba a samu sauƙi na gaske ba sai 2022, musamman bayan 15 ga Satumba, ranar da Ethereum ya sauya tsari ya daina buƙatar katin girafik. Ka riƙe wannan ranar, za mu dawo kanta, domin ta shafi kasuwar da kai kake saye.

Intel kuma nasa abin tausayi ne. Ya yi shirin shigo da katunansa na Arc a farkon 2022, lokacin da duniya ke yunwar kati, da ko wane iri ya kawo sai an wawashe. Matsalar manhajar da ke tuƙa katin ta riƙe shi. Manyan katunansa, A750 da A770, ba su shiga kasuwa ba sai 12 ga Oktoba, bayan yunwar ta wuce, kuma a ranar da Nvidia ya fara sayar da RTX 4090, wanda ya janye hankalin kowa. A Disambar 2024 Intel ya dawo da B580 a dala 249, masana suka yaba, sai kuma kayan suka yi ta yankewa a shaguna.

To me ya sa suke fitowa kusa da juna? Wani ɓangaren ba dabara ba ce, tilas ce. Tunda masana'anta ɗaya suke dogara da ita, kuma wurin masu ma'adana ɗaya suke saye, sabuwar fasaha kan nuna musu a lokaci guda. Ga kuma tarukan baje koli da kowa ke son a gan shi a ciki, na CES a Las Vegas kowane Janairu, da na Computex a Taipei wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sannan ga cinikin ƙarshen shekara na Turawa. Ɗaya ɓangaren kuwa leƙen juna ne tsagwaronsa. A 2019 AMD ya sa ranar 7 ga Yuli zai fitar da RX 5700 XT a dala 449. Ana saura 'yan kwanaki Nvidia ya yi shelar katunansa masu laƙabin Super don ya rage masa armashi. AMD bai tsaya gardama ba, ya zaftare dala 50 ya mai da shi 399 tun kafin a sayar da ko guda ɗaya. Wanda ya fara faɗin farashi ya ba ɗan'uwansa abin auna nasa, shi ya sa wani lokaci za ka ga kowa na noƙewa yana jiran ɗayan ya fara magana.

AMD ya yi amfani da wannan noƙewar a 2025, kuma a ganina shi ne wasa mafi wayo da ya buga a 'yan shekarun nan. Nvidia ya fara sayar da RTX 5090 da 5080 ranar 30 ga Janairu, a dala 1,999 da 999, kayan kuwa 'yan kaɗan ne, manyan shaguna suka ƙare a ranar farko. RTX 5070 Ti ya biyo baya ranar 20 ga Fabrairu, sai RTX 5070 ranar 5 ga Maris. Shi AMD tun farkon shekara katunansa sun fara isa ɗakunan ajiyar shaguna, amma ya ƙi buɗe ciniki. Ya bari kaya suka taru, ya ga farashin abokin hamayya, sannan ranar 6 ga Maris, kwana ɗaya tak bayan 5070, ya saki RX 9070 a dala 549 da RX 9070 XT a 599. Mutanen da suka gaji da jiran Nvidia suka tarar da kati a kan kanta suka saya. Makara ce ta ganganci, kuma ta biya. Sai dai ko a nan, da kason farko ya ƙare farashin ya haura.

Kada ka ɗauka wannan ya juya kasuwar. Ƙididdigar kamfanin bincike na Jon Peddie ta nuna a rabin farko na 2025 Nvidia ne ke da sama da kashi 90 cikin 100 na katunan kwamfutar tebur da aka fitar. Nasarar mako guda ba ta rusa sabo na shekaru. Nvidia yana buga kaya masu yawan da AMD bai kama wurin buga irinsu ba, masu harhaɗa kwamfuta sun saba da shi, manhajojin aiki da yawa kuma an gina su a kan fasaharsa ta CUDA.

Yanzu ga tambayarka ta ko da gangan suke yi. Ban yarda cewa suna ɓoye kaya a ɗaki don su ja farashi ba, domin mafi yawan ƙarin kuɗin nan aljihun dillalai da 'yan kama-ka-sayar yake shiga. Amma abu biyu da saninsu ake yi. Na farko, suna yin shela da wuri ko da sun san kayan ba su isa ba, domin shelar kanta makami ce: tana sa mai niyyar sayen katin abokin hamayya ya mai da kuɗinsa aljihu ya zauna jira. Abin da abokinka ya sa ka yi ke nan, ba tare da ya san ya yi wa kamfani aiki kyauta ba. Na biyu, su ne ke zaɓar inda za su kai ɗan wurin da suka samu a masana'anta. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwambar 2022, manyan kamfanoni ke rububin ƙwaƙwalwar Nvidia don ƙirƙirarriyar basira. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ya yi cinikin dala biliyan 130.5. Sama da biliyan 115 daga cibiyoyin ajiyar bayanai suka fito, ɓangaren katunan wasa bai kai biliyan 12 ba. In kai ne mai kamfanin, wa za ka fara sallama? Mu masu sayen kati ɗaya mun koma 'yan baya-baya, gaskiyar ke nan ko da ɗaci.

Mu dawo gida. Farashin da kake gani a labarai na shagunan Amurka ne, kafin haraji ma. Kason farko na sabon kati can yake tafiya, da Turai da manyan kasuwannin Asiya. Abin da ke zuwa mana 'yan kasuwa ne ke ɗauko shi daga Dubai da Sin da Amurka da Ingila, sau da yawa a farashin da ya riga ya hau. Ya sauka Legas, ya biya kuɗin jirgi da na kwastam, ya shiga kasuwar Computer Village ta Ikeja, daga nan ya wuce Banex a Abuja ko titin Beirut da Farm Centre a Kano, kowane hannu da ribarsa, kafin a saka maka a mota ta biyo ta Kontagora zuwa Zuru. Wanda ya ce maka babu bai yi ƙarya ba. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya zuba jarinsa a katin da ya san kuɗinsa zai sauko nan da wata uku, sai in wani ya ba da kuɗi a kawo masa.

Sannan akwai abin da ya fi duk ranakun kamfanonin nan ƙarfi a wurinmu, wato canji. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, inda yawancin masu shigo da irin waɗannan kaya ke saye. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Katin dala 300 ya tashi daga naira 225,000 zuwa 450,000 ba tare da Nvidia ko AMD sun ƙara ko sisi ba. Wanda ya zauna a lokacin yana jiran a rage masa dala 50 saboda sabon kati, ya tashi ya tarar kuɗinsa sun zama rabi.

Inda fitowar sabon kati ke amfanar mutumin Zuru ta bayan gida ne, kuma a makare. Kai ɗan ƙasar noma ne, ka san ba ranar da aka ga dawa ta fitar da kai tsohon hatsi ke karyewa ba, sai sabo ya cika kasuwa, masu rumbu sun fara fito da na bara. Haka kati. Sai sabon ya wadata a can, masu shi sun saya sun sayar da tsofaffinsu, an tattaro an yo lodi, sannan na hannu ke araha a Legas da Kano. Wannan kan ɗauki watanni. In kuwa sabon ya yi ƙaranci, kamar 2021 da farkon 2025, tsohon ma hawa yake yi, domin kamfani ya riga ya rage buga shi, mai shi kuma ya ƙi saki. Nan ne lissafin abokinka ya kuskure.

Ranar Ethereum da na ce ka riƙe, ga inda ta shafe ka. Bayanta katunan da aka yi haƙa da su dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, irin su RX 580 da na jerin RTX 30, kuma kasuwar tokumbo tamu ba ta tsira ba. Ba duka ne matattu ba, wasu suna aiki lafiya, amma fankarsu ta gaji, man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar ya bushe. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna a cikin manhajarsa ya riƙa nuna kansa a matsayin babba. Kada ka biya kuɗin na hannu sai an ɗora shi a kwamfuta, an buɗe manhajar GPU-Z an ga ainihinsa, an ba shi aiki mai nauyi na ɗan lokaci an ga zafinsa da hoton da yake fitarwa. Tunda kai daga nesa kake saye, ka sami amintacce a can ya tsaya a gwada a gabansa, a kuma rubuta maka a rasit kwanakin da za ka iya mayarwa.

Wani abin da masu talla ba sa tunawa da mu a kansa shi ne wuta. RTX 5090 yana jan wat 575 shi kaɗai, RTX 3080 yana jan 320. RTX 3060 yana tsayawa a 170, RTX 4060 a 115, GTX 1650 kuwa 75 ne, yawancinsa ko wayar wuta ta daban ba ya buƙata. Ga mai shagon da rabin aikinsa a kan janareta ko sola da inbata yake, wannan bambancin kuɗin mai ne da batir kowace rana. Ƙara da zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Babban kati kuma yakan tilasta maka sauya akwatin wutar cikin kwamfutar, wani kuɗin ke nan da ba ka lissafa ba.

Ka kuma tabbatar katin ne matsalar tun farko. Aikin CorelDRAW da buga takardu ba ya neman babban kati. A haɗa bidiyo ma, sau da yawa abin da ke sa jan ƙafa ƙarancin RAM ne ko tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda SSD mai sauƙin kuɗi zai magance. In ka duba ka ga lallai katin ne, to ga mai aiki da Premiere Pro ko DaVinci Resolve, kati matsakaici na zubin baya, mai ma'adana gigabait 8 zuwa 12, ya ishe ka bidiyon biki har da ƙari. RTX 3060 mai gigabait 12, wanda ya fito tun Fabrairun 2021, misali ne mai kyau. Na fi karkata ga Nvidia a irin aikinka, ba don na AMD ko Intel ba su da kyau ba, sai don manhajojin sun fi sabawa da shi, masu gyara a kasuwanninmu sun fi saninsa, kuma ya fi saurin samun mai saye ranar da za ka sayar.

Hukuncina ke nan: in aiki na jiranka, ka saya yanzu. Jira yana da ma'ana ne kawai in kamfani ya riga ya sa ranar sayarwa nan da 'yan makonni, kwamfutarka kuma tana iya lallaɓawa, ko a haka ba sabon za ka bi ba a watanninsa na farko, tsohon za ka sa wa ido. Jita-jitar "yana nan tafe" kuwa ba ta ƙarewa, kowace shekara akwai wani mai tafe. Ka lissafa bidiyon biki nawa ka mayar ko ka makarar tun da ka fara jiran nan, ka kwatanta da ragin da kake fata. In ka samu katin, ka rubuto mana sunansa da ƙarfin akwatin wutar kwamfutarka kafin ka ɗora, mu duba maka ko sun dace.